Darasin gwaji kyauta: yadda malamin intanet zai ba da ɗanɗano ba tare da ya karya jarinsa ba

Idan ka tsaya gaban mai kilishi, ɗan guntu yake ɓalgato maka ya miƙo. Ba ya naɗe maka na dubu biyu ya ce je ka ci, in ya yi maka daɗi ka dawo. Wannan bambancin ne yake ɓace wa malamai da yawa masu koyarwa ta waya ko kwamfuta. Wani ya ba da awa guda cur kyauta ga duk wanda ya yi sallama, wata ya ƙare yana ta aikin Allah-ya-saka. Wani kuma ya rantse ba zai buɗe baki ba sai ya ga alat, ya zauna jadawalinsa wayam. Iyayen da ba su taɓa ganinka ba, ba su san unguwarku ba, ba su da wanda za su kai wa ƙara in ka ɓace da kuɗinsu, suna da hujjar son su gani kafin su biya. Kai ma kana da hujjar kare lokacinka. Abin da zai raba gardamar shi ne a san me gwajin yake ci, wa ya cancanci a ba shi, da kuma me za a yi a cikinsa.

Fara da lissafi

A ce naira 5,000 kake karɓa a darasin awa guda. Gwajin minti 30 ba minti 30 yake cinye maka ba. Akwai kai-komon saƙo kafin a tsayar da rana, akwai shirya tambayoyi, akwai zaman jiran ɗalibi ya shigo, akwai saƙon da za ka tura bayan an tashi. Ka ƙaddara awa guda ta tafi. In cikin mutum huɗu ɗaya ne yake zama, kowane sabon ɗalibi ya ci maka awa huɗu ke nan, wato naira 20,000, ban da data da caji. Kiran bidiyo na awa guda yakan sha daga rabin gig zuwa sama da gig ɗaya, gwargwadon tsabtar hoton.

Yanzu ka dubi ɗaya gefen. Yaron da ya zo koyon karatun Alƙur'ani ko lissafi, darasi takwas a wata, ya yi wata shida a hannunka, ya kawo darasi 48, naira 240,000. Dubu ashirin ɗin da ka kashe wajen samunsa ba komai ba ce. Amma wanda ya zo saura mako biyu ya zauna JAMB, jarrabawar shiga jami'a, darasi huɗu kacal zai yi ya kama gabansa. Dubu ashirin ya kawo, dubu ashirin ka kashe, ka yi aikin baban giwa.

To ga ma'aunin. Kyauta ta dace da karatun da ake daɗewa a cikinsa: Alƙur'ani da tajwidi, koyon harshe, lesin na yara na tsawon zango. Ba ta dace da aikin sha-yanzu-magani-yanzu ba: bitar jarrabawa ta mako biyu, gyaran furojet, shirin ganawar neman aiki. A irin waɗannan darasin farko shi ne rabin hajar, in ka ba da shi kyauta ka sayar da akuyarka ta dawo tana ci maka danga.

Halin da malamin yake ciki ma yana shiga lissafin. Sabon shiga, wanda ba shi da ɗalibi ko ɗaya da zai yi masa shaida, awanninsa a buɗe suke, ba abin da yake rasawa sai data, kuma kowane gwaji horo ne a gare shi. Ya ba da kyauta. Wanda jadawalinsa ya cika rabi ya taƙaita, gwaji biyu ko uku a mako, ba ƙari. Wanda iyaye ke turo masa junansu ba ya bukatar gwajin kyauta sam, domin maƙwabciyar da ta ce wa Hajiya "wannan malamar ce ta gyara wa 'yata karatu" ta riga ta yi gwajin a madadinsa. Kiran waya na minti goma ya wadatar.

Ba kyauta ce kaɗai hanya ba

Tsakanin kyauta da cikakken farashi akwai matakai. Akwai cikakken darasi a rabin kuɗi. Akwai cikakken kuɗi da alkawarin mayarwa in ba a gamsu ba, sai dai wannan yana bukatar a riga an yarda da kai. Wadda ta fi sauƙin karɓuwa ita ce kafin alƙalami: a biya naira 1,000 ko 2,000 don a kama lokaci, in an ci gaba a cire shi daga kuɗin watan farko. Kuɗin ba su kai su kori mai niyya ba, amma sun isa su sa mutum ya tuna yana da alkawari ƙarfe biyar. Babban ciwon gwajin kyauta ba wanda ya zo bai zauna ba ne, wanda bai zo ba ne kwata-kwata. Abin da ba a biya ba, shi ake fara mantawa in baƙi sun yi sallama ko an tafi biki.

Wanda yake koyarwa ta dandalin kamfani kuwa, ba shi ne da wuƙa da nama ba. A Preply ɗalibi yana biyan darasin gwaji, amma kuɗin darasin farko da kowane sabon ɗalibi na kamfanin ne gaba ɗaya, malami ba ya samun ko sisi, sai daga darasi na biyu ake fara raba kuɗi da shi. A italki gwajin minti 30 ne, malami yake sa masa farashi mai rangwame. A Superprof malamai da dama suna rubuta cewa darasin farko kyauta ne. Ka karanta sharuɗɗan dandali kafin ka sa farashinka, kuma ka sani cewa janye ɗalibi daga dandali zuwa WhatsApp don gudun kason kamfani yana iya jawo a rufe maka shafi.

Kafin ranar

Kada ka tsayar da lokaci sai ka samu amsar tambayoyi huɗu ko biyar ta saƙo: shekarun ɗalibi da ajinsa, abin da ake so ya cimma da kuma zuwa yaushe, ranaku da lokutan da yake da sarari, na'urar da zai yi amfani da ita, da wanda zai riƙa biya. Wanda ya kasa zama ya amsa wannan ba zai iya zaman wata uku ba. Tambayar wanda zai biya ba rashin kunya ba ce. Sau da yawa uwa ce take nema, uba ne mai biya, kuma shi ba a ma gaya masa ba tukuna.

Faɗi farashinka tun a wannan saƙon. Malamai da yawa suna ɓoye shi sai ƙarshen gwaji, wai sai an ga ƙwarewarsu. Abin da ke biyo baya shi ne ka ɓata rabin awa da wanda ƙarfinsa naira 1,500 ne, ku rabu kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa. Saƙo kamar wannan ya isa:

"Wa alaikumus salam Hajiya, barka da yamma. Gwajin minti 25 ne, kyauta, sau ɗaya. A ciki zan duba inda yaron yake, in gaya miki abin da yake bukata. In an ci gaba, darasi takwas ne a wata, naira 40,000, ana biya a farkon wata. Ina so ki kasance kusa lokacin gwajin."

Lura da kalmar "sau ɗaya" da kuma "duba inda yaron yake". Ba ka ce za ka koyar da babi guda ba.

Lokaci yana rikita mutane idan ɗalibin yana wata ƙasa. Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Ingila ce mai ruɗi: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya. Gabashin Amurka suna bayanmu da awa biyar a bazararsu, shida a hunturu. Kullum ka rubuta lokutan biyu: ƙarfe shida a Kano, ƙarfe biyar a Landan. Ka kuma kauce wa lokacin da sallah za ta faɗo a tsakiyar darasi, a wajenka ko a wajensu.

In da hali, a yi gwajin a daidai lokacin da za a riƙa yin darasin. Sabis ɗin da yake gudu ƙarfe goma na safe ba shi ne na bayan magariba ba, lokacin da kowa ya hau waya. Gwajin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, har da layinsa, da hayaniyar gidansu, da ko akwai wuta. In lokacin yamma ya riga ya cika da masu biya, kada ka ture mai biya don mai gwaji. Yi gwajin da rana, sannan ka nemi kiran minti uku da yamma don a ji yadda layin yake.

Sai kayan aiki. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, ko da ku biyu ne. Google Meet ba ya yanke wa mutum biyu da wuri haka, amma da zarar kun kai uku, awa guda ce iyakarsa. Kiran bidiyo na WhatsApp shi ne wanda kowace uwa ta iya, ba sai an koya mata komai ba, shi ya sa ya fi dacewa da gwajin farko. Caja wayarka ta cika, ajiye layi na biyu mai data, sa iyafis mai makirufo, zauna haske yana fuskarka ba bayanka ba. Tura tunatarwa sau biyu, daren jiya da kuma saura awa guda. In an wuce minti goma ba a shigo ba kuma ba uzuri, ka tashi. Ana iya sake rana sau ɗaya, na biyun da kuɗi.

Minti ashirin da biyar ɗin

Minti uku na farko na gaisuwa ne da tabbatar da ana jin juna. Kada ka cinye minti goma kana jero takardun shaidarka. Jimla biyu sun isa, sauran aikinka zai faɗa.

Minti biyar na gaba ka bar su su yi magana. Tambayi uwa me take gani, sannan ka tambayi yaron da kansa me yake ba shi wahala. Amsoshin sukan sha bamban, kuma ta yaron ce ta fi kusa da gaskiya.

Zuciyar gwajin ita ce minti goman tsakiya, kuma aikinka a nan nemo inda ginin ya tsage ne. Ɗauki lissafi. An kawo maka ɗan SS2 an ce ba ya gane aljabara. Kada ka fara da aljabara. Ba shi 1/2 + 1/3. In ya ce 2/5, ka gano bakin zaren: ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma matsalar tun daga firamare take, ba daga SS2 ba. Ƙara masa da −3 − 5, ka ga ko zai ce 2 ko −2 ko −8. Kada ka yi saurin gyara masa, ce masa ya faɗa maka yadda ya yi, domin kuskuren a hanya yake ɓuya, ba a amsa ba. Sannan ka ɗauki abu ɗaya tak ka koyar. Zana gurasa biyu, ka yanka kowace gida shida, ya gani da idonsa cewa rabi yanka uku ne, sulusi yanka biyu, jimla biyar cikin shida. Ba shi 1/2 + 1/4 ya yi da kansa. In ya ci, uwarsa da ke gefe ta ga abin da ta zo gani: yaron da bai iya ba minti biyar da suka wuce, yanzu ya iya.

A karatun Alƙur'ani tarkon daban ne. In ka ce yaro ya karanta inda yake so, zai kawo surar da ya haddace, ya zuba ta ba gargada, kai da iyayen ku zaci ya iya. Buɗe masa shafin da bai taɓa biyawa ba, ka nuna kalma a tsakiyar layi. Nan za ka san ko baƙi da wasali yake karantawa ko kunne ne yake yi masa aiki. Saurari haruffan da harshenmu ya saba lanƙwasawa: ث da ke komawa sa, ذ da ظ da ke komawa za, da ض da bakin Bahaushe ya daɗe da mayarwa la, shi ya sa muke cewa alwala da alƙali da larura. Tun kafin ranar ka tambayi ruwayar da aka fara masa. Wanda ya taso a makarantar allo galibi Warshu ce, ɗan Islamiyya galibi Hafsu, kuma malamin da bai tambaya ba zai yi ta "gyara" abin da ba kuskure ba, ya ruɗa yaron, ya zubar da kansa a idon uban da ya san karatu.

Mai koyar da Hausa ga yaran da aka haifa a waje ko ga baƙi, ya gwada kunnensu da baki da baƙi, kara da ƙara, sannan gari na zama da gari na tuwo. Yaran waje sukan ji komai su kasa mayarwa. Wannan ba ɗan koyo ba ne, in ka fara masa daga "ina kwana" zai gundura tun ranar.

Abin da ba a yi a wannan minti goman shi ne aikin gida. Akwai masu yawon ɗanɗano, su bi malami biyar a mako, kowa ya warware musu tambaya uku, aikin makaranta ya kammala ba ko kwabo. Alamarsu ɗaya ce: tun kafin gaisuwa sun turo hoton takarda. Amsar mai sauƙi ce, wannan sai a cikakken darasi, yau duba za mu yi. Haka nan kada ka tura tarin takardunka da bidiyoyinka bayan gwaji. Shafi ɗaya na atisaye ya isa.

Minti huɗu na gaba na bayani ne, ga mai biya. Faɗi abu uku: abin da yaron ya iya, inda ya tsaya, da abin da za a yi a watan farko. Fara da abin da ya iya, kuma kada ka kushe malamansa na baya ko makarantarsa. Kada ka yi alkawarin maki. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, ba malamin da zai iya rantsuwa kan abin da yaro zai ci. Abin da kake iya alkawari shi ne adadin darasi, abin da za a karanta a ciki, da gwajin ƙarshen wata wanda za a nuna wa iyaye sakamakonsa. In kuwa ka ga aikin ba naka ba ne, ɗalibin ya fi ƙarfinka ko yana bukatar wanda zai zauna kusa da shi ya riƙe masa hannu, faɗa tun yau. Yaro ɗan shekara huɗu da ƙyar yake zama gaban waya minti goma, kuma iyayen da ka gaya wa gaskiya su ne za su turo maka wani.

Minti ukun ƙarshe ne malamai suka fi ɓatawa. Kunya ta kama su, su ce to sai na ji daga gare ku, a yi sallama. Maimakon haka, miƙa lokuta biyu takamaimai: akwai Litinin da Laraba ƙarfe biyar, ko Asabar da Lahadi ƙarfe goma, wanne ya fi muku? In an ce sai an yi shawara da Alhaji, ba laifi, ka ce za ka riƙe gurbin kwana uku. Kuma ka tashi a kan lokaci. Gwajin da ya zarce ya kai awa guda yana koya wa iyaye cewa lokacinka ba shi da iyaka, kuma haka za su ci gaba da ɗaukarsa bayan sun fara biya.

Masu koyar da addini su ne wannan kunyar ta fi kamawa. Ai ko a makarantar allo akwai kuɗin Laraba, kuma hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari ya ce abin da ya fi cancanta a karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. Mai son yin sadaka da iliminsa ya ware gurbi ɗaya ko biyu don marasa hali, ya san sadaka yake yi. Wannan daban, a bar gwaji ya yi ta jan jiki mako uku ba wanda ya ambaci kuɗi daban. Da dangi da 'yan unguwa abin ya fi wuya, don haka tun ranar farko a yanke: ko kyauta ce har zuwa wata kaza, ko rangwame ne na nawa.

Idan ɗalibin ƙaramin yaro ne ko budurwa, babba ya kasance a ɗakin, kuma saƙonni su riƙa bi ta lambar iyaye. Tambayi gidan ko suna son kyamara a buɗe ko murya kawai. Kada ka naɗi darasi, balle ka sa guntunsa a Facebook ko TikTok don talla, sai da izinin iyaye a rubuce.

Bayan an tashi

Kafin a kwana ka tura taƙaitaccen saƙo: abin da ka gani, tsarin wata ɗaya, lokutan da ka riƙe, kuɗi da lambar asusu. In shiru, tunatarwa ɗaya bayan kwana biyu ko uku, daga nan ka saki gurbin. Naci yana sa a ɗauka ba ka da kasuwa. Darasi na farko na gaske ba ya farawa sai kuɗi sun shiga, kuma a manhajar bankinka za ka duba, ba a hoton rasit da aka turo ba.

Sayi ƙaramin littafi ka ja layi shida: kwanan wata, inda mutumin ya ji labarinka, darasin da yake nema, ya zo ko bai zo ba, ya biya ko bai biya ba, wata nawa ya yi. Bayan gwaji ashirin ka zauna ka karanta shi. In da yawa ba sa zuwa, kafin alƙalami za ka sa. In suna zuwa ba sa zama, ko dai farashin bai kai kunnensu ba tun farko, ko minti goman tsakiya ba su nuna komai ba, ko kana barin ƙarshen ba tare da miƙa lokaci ba. In suna biyan wata ɗaya su ɓace, laifin ba na gwajin ba ne, ka yi ado ranar farko ka saki jiki daga baya. Layin inda aka ji labarinka kuma zai nuna maka wace ƙofa ce take kawo masu zama. In ka ga waɗanda aka turo suna zama, na tallan Facebook suna ɗanɗanawa su wuce, sai ka bar kyautar ga na farkon, na biyun ka naɗa musu bidiyo na minti uku kana koyar da abu ɗaya, wanda ya gani ya gamsu ya biya rabin kuɗi ya shigo gwajin.